Zanen Gini a Kwamfuta: Abin da Manhaja Ba Ta Sani Ba Game da Yammacin Zamfara

A garuruwan yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Gummi har Gwashi da sauran ƙauyukan Bukkuyum, yawancin gidaje ba su bi ta kan takarda kafin a gina su, domin maigida da magini ne suke tsayawa a kan fili su shata ɗakuna da igiya da turaku, a haƙa harsashi, a ɗora tubali ko bulo. Amma ginin da ya shafi kuɗin hukuma ko na wata ƙungiya, kamar ajujuwan makaranta da ɗakin shan magani da masallacin Juma'a da rumfunan kasuwa, haka nan gidan ɗan gari da ya samu a Gusau ko Abuja yake son ya kafa abin tunawa a mahaifarsa, a yau daga kwamfuta yake farawa. Mai zanen kan kasance matashi ne da ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ko a jami'a, wani kuma a gaban ubangidansa ya koya a ofis, kuma koke-koken da ake ji daga bakinsu iri ɗaya ne: fayil ya ƙi buɗewa, kwamfuta ta sandare, zane ya fito ƙarami kamar ɗigo, hoto ya yi duhu. Idan aka bi diddigin waɗannan matsaloli, kaɗan ne daga cikinsu suke lalacewa ta gaskiya, mafi yawansu sun samo asali ne daga cewa manhajar tana zuwa da zato irin na ƙasar da aka ƙirƙire ta, a kan rana da awo da lantarki da intanet, kuma ba wanda ya sanar da ita cewa a Zamfara take aiki.

Manhajojin sun kasu bisa aikinsu, kuma sanin wannan rabo yana rage wahala tun kafin a fara. AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk na Amurka ya fitar a 1982, ta layi ce, wato tana maye gurbin allon zane da fensir, ba ta san cewa layuka biyu da ke jere bango ne ba. Revit, da ta fito a 2000 kuma Autodesk ya saye ta a 2002, da ArchiCAD ta kamfanin Graphisoft na ƙasar Hangare, suna gina samfurin ginin ne gaba ɗaya, inda bango yake da kauri da tsayi da kayan da aka yi shi, ta yadda sauya taga a wuri ɗaya yake sauya ta a dukkan shafuka. SketchUp da Rhino na sarrafa siffa ne a fuska uku, ta farko mai sauƙin koyo, ta biyu gwana a kan abin da yake da lanƙwasa. Sai masu fitar da hoto, aikin da masu sana'ar suke kira renda, wato lissafa haske da inuwa da launi har samfurin ya fito tamkar an ɗauki hoton ginin da aka kammala. Daga cikinsu akwai V-Ray da Lumion da Enscape da Twinmotion. Rukuni na ƙarshe shi ne na tsara umarni ta hanyar haɗa akwatuna da wayoyi a kan allo maimakon rubuta shi, inda Grasshopper, wadda David Rutten ya ƙirƙira a 2007, take aiki cikin Rhino, Dynamo kuma cikin Revit.

Rikicin farko na awo ne, kuma yana da tushe a yadda ake magana a wurin gini. Ana sayar da fuloti da ƙafa, hamsin da ɗari, ana sayen bulo da inci, mai tara ko mai shida, safiyo yana kawo takardarsa da mita, mai zane kuma ya koyi aiki da milimita. Fulotin hamsin da ɗari mita 15.24 ne a faɗi da mita 30.48 a tsawo, bulo mai inci tara ana zana shi da kaurin milimita 225, mai inci shida kuma 150. Duk lokacin da aka shigo da zane daga wata manhaja ya fito ya yi girma ko ƙanƙanta fiye da kima, abin da ya dace shi ne a auna wani abu da aka san tsawonsa, kamar faɗin ƙofa, a raba da abin da ya kamata ya zama. Idan sakamakon 1,000 ne, to mita da milimita ne suka sarƙe, idan 25.4 ne, inci da milimita ne, idan 304.8 ne, ƙafa ce. Maganin ba jan zanen da ido har ya yi daidai ba ne, a'a, a koma a gyara ma'aunin fayil ɗin, wanda a AutoCAD umarnin UNITS yake buɗe shi, sannan a sake shigo da shi. Haka kuma bangon da Revit take zuwa da shi ba lallai ya dace da bulon da ake bugawa a Gummi ba, don haka mai zane yana bukatar ya ƙirƙiri nasa nau'in bango sau ɗaya, da kaurin bulo da na filasta, ya adana shi a matsayin fayil na mafari da zai riƙa buɗe kowane sabon aiki da shi.

Takardar safiyo tana kawo wata matsalar da ta fi ta awo ruɗarwa, domin alamominta suna kama da lalacewar kwamfuta: layuka suna rawa idan an matsa kusa, da'ira tana zama mai kusurwoyi, wani sashe na samfurin yana ɓacewa idan an juya shi. Dalilin shi ne lambobin da safiyo yake bai wa kusurwoyin fili ana ƙirga su ne daga nesa ƙwarai, kuma a wannan yanki, wanda yake kimanin digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, lambar arewa ta haura mita miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Kwamfuta tana da iyakar yawan lambobin da take riƙewa a lissafin nuna hoto, saboda haka idan ta kashe su wajen riƙe miliyoyi, ba abin da zai rage mata na tantance milimita. Revit ma ta fito fili ta iyakance cewa duk abin da aka zana ya kasance cikin kimanin kilomita 16 daga tsakiyar fayil. Hanyar da ta dace ita ce a zana ginin kusa da ɗigon sifiri, a zaɓi turken safiyo guda ɗaya a rubuta ainihin lambobinsa a gefe, ko a shigar da su a ɗigon safiyo da Revit ta tanada domin haka.

Akwai ƙarin tarko biyu a nan da suka keɓanta da yankin. Tsarin UTM, wanda ya yanyanka duniya gida sittin daga yamma zuwa gabas, ya sanya iyakar gida na 31 da na 32 a kan digiri 6 gabas, kuma wannan layi ya ratsa jihar Zamfara: Gummi da Bukkuyum da garin Anka suna gida na 31, Gusau kuwa tana na 32. Mai zanen da yake zaune a Gusau ya bar saitin da ya saba da shi zai ga filin Gwashi ya faɗa ɗaruruwan kilomita nesa da inda yake a taswira. Na biyu, tsofaffin takardun fili a Nijeriya an yi su ne bisa ma'aunin Minna, alhali wayar hannu da Google Earth suna aiki da WGS 84, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya kai gomman mitoci a ƙasa, abin da ya isa ya jefa katanga cikin filin maƙwabci. Tambaya ɗaya ga safiyo kafin a fara aiki tana kawar da duka biyun.

Batun rana ya fi kowanne cancantar a tsaya a kansa, domin a nan ne kuskuren da ba a gani a allo yake zama zafin da iyali za su sha har tsawon rayuwar gidan. SketchUp, wadda aka ƙirƙira a garin Boulder na jihar Kolorado, tana ɗaukar cewa a can samfurin yake muddin ba a sauya mata wuri ba, kuma garin yana digiri 40 arewa. A can, da tsakar rana a ƙarshen Disamba, bango mai tsayin mita uku yana jefa inuwar kimanin mita shida; a Gwashi inuwar wannan bango a wannan rana ba ta wuce mita biyu da kaɗan ba. Abin da ya fi wannan shi ne, a digiri 12 rana tana tsayawa daidai tsakar ka sau biyu a shekara, wajajen ƙarshen Afrilu da kuma wajajen ƙarshen Agusta, kuma tsakanin waɗannan lokuta biyu ta arewa take bi, inuwar tsakar rana tana faɗawa kudu, abin da ba ya taɓa faruwa a Turai ko Kolorado. Littattafan koyarwa da bidiyoyin da aka shirya a can suna cewa bangon arewa ba ya ganin rana, kuma wanda ya haddace wannan ya kawo shi Zamfara ya yi kuskure na wata huɗu a kowace shekara. Dole ne a shigar da wurin da hannu idan babu intanet, a kuma saita lokaci a kan awa ɗaya gaba da agogon Girinwic, tare da sanin cewa a wannan yanki rana ba ta kai tsakiya da ƙarfe goma sha biyu na agogo, sai kusan rabin awa ko fiye bayan haka, saboda yankin yana yamma ƙwarai da layin da aka ɗora agogon Nijeriya a kansa.

Idan an daidaita wurin, gwajin inuwa yana tabbatar da abin da tsofaffin magina suka sani tun da daɗewa, wato cewa ɗan gajeren baranda yana isa ya kare bangon kudu da na arewa domin rana tana sama, amma bangon yamma ba ya karuwa da baranda, domin ranar la'asar a kwance take shigowa a lokacin da iska ta fi zafi, a watannin Maris zuwa Mayu da ma'aunin zafi kan haura digiri 40. Wannan ne ya sa ya fi dacewa tsawon gini ya miƙe daga gabas zuwa yamma, a rage tagogi a yamma, a ajiye makewayi ko ɗakin ajiya ko bishiya a wannan ɓangare. Gabas kuma tana da nata sha'anin, domin daga can ne hadarin damina yake tasowa da iska, ya doki bango ya ɗaga kwano. Masu amfani da Ladybug, wani ƙari na Grasshopper da ke nazarin yanayi, suna bukatar fayil ɗin bayanan yanayi na shekara guda, kuma tun da irin waɗannan fayiloli daga tashoshin manyan garuruwa suke fitowa, na Sakkwato ya fi kusa da halin Gummi a kan na Abuja ko Legas.

Da wannan saitin ne kuma ake fitar da alƙibla, wadda a zanen masallaci ba ta karɓar kusan-kusan. Daga wannan yanki alƙibla tana wajajen digiri 70 daga arewa ta haƙiƙa idan aka juya zuwa gabas, wato gabas ce da ta karkata arewa da kimanin digiri 20, ba gabas sak ba. Revit ta bambanta arewar aiki, wadda ita ce saman takarda da aka zaɓa don sauƙin zane, da arewa ta haƙiƙa, kuma an sha ganin wanda ya juya gini don ya daidaita da takarda ya manta bai juya arewa ta haƙiƙa ba, sai inuwa da mihirabi duka su kauce. Duk da haka, abin da aka zana sai an tabbatar da shi a fili tare da malaman gari kafin a haƙa harsashi.

Manhaja tana ɗora kowane gini a kan shimfiɗaɗɗen fili da ba shi da gangare, ba kwari ba tudu, kuma ba ta san inda ruwa yake bi ba. Ambaliyar da ta afka wa Gummi a watan Agustan 2024, ta rushe gidaje masu yawa, ta nuna cewa lamba mafi muhimmanci a zanen gida kusa da gulbin Zamfara ko gulbin Ka ita ce tsayin daɓen ɗaki a kan titi da kuma hanyar da ruwan tsakar gida zai fita. Manhajar kuma ba ta san daga ina za a ɗebo ƙasar gini ba, tambayar da take da nauyi a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma, inda gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta hallaka ɗaruruwan yara a 2010, har sai da aka kankare ƙasar cikin gidaje aka sauya ta. Irin wannan bayani sai dai mai zane ya rubuta shi da kansa a jikin takarda.

Sai halin da kwamfutar kanta take ciki. Inda wutar kamfanin rarraba lantarki na Kaduna take zuwa ta ɗauke ba sanarwa, ko inda janareto da sola ne kaɗai madogara, fayil yana lalacewa ne galibi idan wuta ta yanke ana cikin adana shi. AutoCAD tana ajiye kwafin da ya gabata da ƙarshen suna .bak a gefen fayil ɗin, wanda idan aka sauya masa ƙarshe zuwa .dwg yake buɗewa, tana kuma adanawa da kanta duk minti goma, tazarar da za a iya ragewa. Umarnin RECOVER yana ƙoƙarin buɗe fayil ɗin da ya lalace, AUDIT yana gyara kurakuran cikinsa, PURGE kuma yana share tarkacen da ba a amfani da su. Al'adar da ta fi duk waɗannan amfani ita ce adana aiki da sabon suna mai kwanan wata a ƙarshen kowace rana, a kuma kwafe shi zuwa wani wuri dabam, domin kwafin da yake cikin kwamfuta ɗaya da asali yana tafiya tare da ita ranar da aka sace ta ko ta ƙone. A kula kuma da cewa Revit ba ta komawa baya: fayil ɗin da aka adana da ta 2024 ba zai buɗe a ta 2022 ba, saboda haka mai zane da injiniya su yi ittifaƙi a kan shekara ɗaya tun farko.

Lasisi ma ya zama batun wuri. Tun 2016 Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin ya koma na haya, wanda yake bukatar kwamfuta ta leƙa intanet aƙalla sau ɗaya a kwana talatin. Mutanen Zamfara ba su bukatar a yi musu bayanin hatsarin wannan, tun da a farkon Satumban 2021 aka rufe layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, wasu yankuna suka yi makonni masu yawa ba sadarwa. Rhino har yanzu ana sayenta sau ɗaya, Blender da FreeCAD kyauta ne kuma ba su neman intanet, ɗalibai kuma suna da damar lasisin karatu na Autodesk ba tare da biya ba. Kwafin sata, wanda ba a ɓoye yake ba cewa shi ya fi yawa a hannun masu farawa saboda tsadar dala, yana zuwa da nasa farashin, domin ba a sabunta shi kuma sau da yawa da ƙwayar cuta yake tafe. Wanda ya ga fayil mai suna acaddoc.lsp yana bayyana a kowace jakar zane ba tare da shi ya saka ba, to ya san cuta ce da ke yawo ta filashi daga shagon buga takardu zuwa ofis.

A wajen renda, nauyin aikin yana kan katin hoto, wato sashen kwamfuta da ke lissafa abin da ake gani, musamman a Lumion da Enscape da Twinmotion. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai kati biyu takan zaɓi ƙaramin don tattalin batir, kuma idan ba a jone take da wuta ba tana rage ƙarfinta da kanta, don haka kafin a zargi manhaja a duba waɗannan biyu, a kuma sabunta direban katin. Zafi shi ne abokin gaba na gaba: idan ƙurar hunturu ta toshe fanka, na'urar tana rage gudu don kada ta ƙone, aikin minti goma ya koma na awa guda, wani lokaci ta mutu gaba ɗaya. Hure fanka, ɗaga kwamfutar daga kan katifa ko darduma, da barin babban aiki sai dare ko asuba, sun fi sayen sabuwar manhaja tasiri. Mafi yawan nauyin fayil kuwa ba daga ginin yake ba, daga kayan ado ne da aka sauko da su daga rumbun 3D Warehouse, inda mota ɗaya ko bishiya ɗaya takan fi gidan duka yawan fuskoki. Idan bango ya fito baƙi ko ya rasa launinsa, a duba ko fuskar a juye take, domin SketchUp tana nuna gaban fuska da fari, bayanta da shuɗi-shuɗi. Idan wuri yana ƙyalƙyali yana sauya launi, fuskoki biyu ne suka hau kan juna. Gwaji kuma da ƙaramin hoto ake yin sa, sai an gamsu a ɗaga girma.

Akwai abin da ya wuce fasaha a nan, kuma ya kamata a faɗe shi ba kwana-kwana. Hotunan da ake nuna wa masu gida sau da yawa suna ɗauke da koriyar ciyawa da manyan gilasai da gajeriyar katanga da sararin sama irin na Turai, abubuwan da suka zo cikin manhajar a shirye, alhali gidan da za a zauna a Anka yana bukatar zaure da shigifa da tsakar gida da ba a hangowa daga waje, da wurin girki da na dabbobi da tankin ruwa. Hoton da ya ɓoye wannan yaudara ce ko da ba da niyya aka yi ba, kuma maigida ne zai gano haka bayan an zuba kuɗi. Gyaran ba shi da wuya: a ɗauki hoton jar ƙasa da filasta da kwanon da ake samu a kasuwar yankin a yi kayan shafe da su, a sa darbejiya da giginya a maimakon bishiyoyin ƙasashen sanyi, a fitar da hoto ɗaya na ƙarfe huɗu na yamma a watan Afrilu.

Grasshopper da Dynamo su ne suka fi tsoratar da masu koyo, amma ƙa'idarsu ɗaya ce: bayani yana shiga akwati ta hagu, a yi masa aiki, ya fita ta dama zuwa akwati na gaba. Neman kuskure a cikinsu kamar yadda mai noman rani yake bin magudana ne, yana farawa daga bakin rijiya har ya iske inda ruwa ya tsaya, ba daga fangalin ƙarshe da ya bushe ba. A Grasshopper akwatin da ya zama ruwan lemo gargaɗi ne, galibi bayani bai iso masa ba, ja kuwa kuskure ne, kuma ɗan kumfan da ke saman akwatin yana faɗin dalili. Wayar ma tana magana: siririn layi ɗaya abu ɗaya yake ɗauke da shi, layi biyu jeri ne, mai tsinke-tsinke kuma bishiya ce, wato jeri cikin jeri da aka kasa rassa-rassa. Rashin fahimtar bishiyar nan shi ne silar sandarewar kwamfuta a mafi yawan lokuta, domin idan aka haɗa ɗigo 200 da kowannensu yake reshensa da jerin layi 200, sakamakon 40,000 ne ba 200 ba. Akwatin Panel yana nuna abin da ke cikin waya, Flatten yana tattara rassa su zama jeri ɗaya, Graft yana yin akasin haka, kuma kulle lissafi kafin a buɗe babban fayil yana hana shi cinye kwamfutar. Ƙirga a nan daga sifiri take farawa, kusurwa kuma da radiyan ake auna ta sai an sauya zuwa digiri, abin da ya sa mai neman juyi na 90 yake ganin siffarsa ta karkace. A Dynamo kuwa, matakin farko shi ne mayar da gudu daga na kai-tsaye zuwa na hannu, don kada kowane ɗan gyara ya sake rubuta samfurin Revit.

Amfanin waɗannan kayan aiki a ƙasar Hausa ba a kwaikwayon gine-ginen Dubai yake ba. Suna iya lissafa bangon bulo mai huda da zai tare ranar yamma ya bar iska ta wuce, suna iya ƙirga bulo daga faɗin bango, kimanin guda goma a kowace murabba'in mita, a ƙara na fashewa. Sun kuma dace da ginin gargajiya fiye da manhajojin da suka ginu a kan miƙaƙƙen bango, tun da bangon tubali yana da kauri a gindi ya tsuke a sama, siffar da Revit ba ta samar mata da hanya kai-tsaye ba sai a fitowar 2022. Bakan gizo da ɗaurin guga na rufin soro, waɗanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai su ƙololuwa a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ƙa'ida suke bi: azara ba ta tsallake fiye da kimanin mita biyu ba tare da tallafi ba, don haka ake jera ta hawa-hawa tana fitowa daga bango har bakunan su haɗu. Duk abin da yake da ƙa'ida irin wannan ana iya rubuta shi da akwatuna, a sauya faɗin ɗaki a ga yawan azarar da zai ci. Sai dai Rhino za ta zana baka mai faɗin mita ashirin ba tare da ta yi ƙorafi ba, domin siffa take lissafawa ba nauyi ba. Hukuncin ko zai tsaya na injiniya ne mai rajista da COREN da kuma gogaggen magini, kamar yadda sa hannu a kan zanen da za a kai hukumar tsara birane yake na masanin da ARCON ta yi wa rajista.

Mataki na ƙarshe, wato isar da zane ga wanda zai gina, shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Rubutun Hausa yakan lalace a nan, domin tsofaffin haruffan AutoCAD ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai alamar tambaya ta fito a madadinsu, don haka a zaɓi nau'in haruffa irin Noto Sans da yake da su, a kuma aika da PDF maimakon ainihin fayil. Idan dole ne a aika fayil ɗin, umarnin ETRANSMIT yana tattara shi da hotuna da haruffa da sauran zanen da ya jingina da su. A shagon buga takarda a hana zaɓin da ke matse zane ya cika shafi, domin yana ɓata sikeli, a kuma zana sandar awo a kowane shafi don a gane idan hakan ta faru. Tun da birkila a Gwashi a waya zai fi duba zanen, kuma WhatsApp yana rage ingancin hoto, a tura shi a matsayin takarda ba hoto ba, lambobin awo su zama manya, a rubuta sunayen ɗakuna da Hausa, a kuma sa ƙafa da inci a gefen milimita a manyan awo, tun da tef ɗin da ke aljihunsa ta wannan gefen ya saba karanta shi.